Shekara uku da ɗan sahun da ke kai mini yara makaranta

Ƙarfe bakwai saura kwata yake danna hon, sau biyu, gajeru. Idan aka ji na uku to an makara ke nan, kuma kusan kullum laifin daga cikin gidana yake. A daidai lokacin Auta yana tsaye a tsakar gida da safa a ƙafa ɗaya, yana kukan ba da wannan kofin zai sha kunu ba. Na tsakiya yana zazzage jaka yana neman littafin da ya rantse jiya da dare ya saka. Ita kuwa babbar ta gama shiri tun ɗazu, ta zauna a hannun kujera da fuskar wadda aka yi wa babban laifi. Haka muke fita kowace safiya. Tun watan Satumba na 2022 yake kai mini yara.

Abokan aikina sun sha tambayata ko ɗaukar ɗan sahu, wato mai babur ɗin haya mai ƙafa uku, da wata yana da amfani, musamman waɗanda yaransu suka fara makaranta bana. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a bakin ɗakin magani, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada a biyo ni neman lambarsa, babur ɗinsa ya cika. Ni Malam nake ce masa, yaran kuma Kawu.

Muna zaune a Rijiyar Zaki a Kano, makarantar yaran tana can wajen Goron Dutse. Ni aikin jinya nake yi, wani satin safe wani satin dare. Babansu yana kasuwar Singa, babur mai ƙafa biyu gare shi, kuma ba ya dawowa sai bayan magariba. Kafin mu yi wannan tsari, manyan biyu sukan fita bakin titin Gwarzo su tsare sahu kamar kowa, su sauka a Kabuga ko Tal'udu su sake hawa wani. Abu biyu ne suka faru a Janairun 2022 suka sauya mini tunani. 'Yan sahu suka shiga yajin aiki kan rikicinsu da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, gari ya tsaya cak, yarana suka yi kwanaki a gida. A cikin watan ne kuma aka bankaɗo abin da ya faru da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka ɗauke a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, aka gano mai makarantar bokonsu ne ya yi. Duk uwar da take Kano a lokacin ta san irin baccin da muka yi. Daga nan na ce ina son in san wa yake ɗaukar mini yara, da ƙarfe nawa, kuma ta wace hanya.

Mun fara duba motar makaranta. Kuɗinta ya fi ƙarfinmu, ga shi tana zagaye unguwanni, mu ne farkon ɗauka da safe kuma ƙarshen saukewa da rana. Yaro ya fita shida da kwata, ya dawo wajen la'asar. Sai wata maƙwabciya ta yi mana kwatancen Malam, wanda ya shekara yana kai nata.

Babansu bai yarda da kwatance kawai ba. Ya bi shi har gidansu, ya ga mahaifiyarsa, ya yi sallar la'asar a masallacin layinsu, ya tambayi limamin da mai shagon da ke kusurwa. Ya ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa da lambar da ke rubuce a jikin babur ɗin. A lokacin na ga kamar abin ya yi yawa, har na ji kunya. Malam bai nuna ya ji haushi ba, cewa ya yi, "Alhaji, ni ma da ɗana ne haka zan yi." Duk wadda za ta shiga wannan tsari, wannan tafiyar ta rabin yini ita ce abu mafi amfani da za a yi mata.

Batun kuɗi. Mun fara da naira 15,000 a wata, yara biyu, kaiwa da ɗaukowa. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Malam bai ce uffan ba har sati biyu. Ran nan bayan ya sauke yara sai ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya. Muka koma 25,000. A ƙarshen 2024 lita ta haura 1,000, ga Auta ya shiga ajin raino, su kuma ƙarfe goma sha biyu suke tashi, manya sai biyu, wato sawu uku ke nan a rana. Yanzu 50,000 muke biya. Na zauna na lissafa abin da za mu kashe idan tsare sahu za su riƙa yi a titi kullum, kusan kunnen doki ne. Don haka kada a yaudari kowa da cewa ana samun sauƙi. Abin da ake samu shi ne mutum ɗaya, lokaci ɗaya, da sauka a ƙofar gida.

Mun yi saɓani a kan hutu. Shi a ganinsa watan hutu ma a biya, tunda ya ƙi karɓar wasu yara saboda namu. Ni a ganina ba a biyan aikin da ba a yi ba. Muka tsaya a rabi, kuma har yanzu idan dogon hutu ya zo na tura masa rabin nan sai na ji ɗan zafi a raina. Sai dai na fahimci lissafinsa. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum akwai balas da zai kai wa mai shi ko ya yi ciniki ko bai yi ba, ga mai, ga haraji, ga bakanike. Kuma tsakanin bakwai da takwas na safe, lokacin da yake ɗauke da yarana, shi ne lokacin da ɗan sahu ya fi samun fasinja a Kano.

Wannan lissafin ne ya haifar da aibu na farko, kuma shi ne aibun wannan sana'a baki ɗaya: lodi. Kujerar baya ta mutum uku ce. Wata rana na dawo daga aikin dare da wuri, na ci karo da su a Kabuga, na ƙirga kawuna tara a ciki. Uku a zaune, uku a kan cinya, biyu a gaba sun sa shi a tsakiya, ɗaya kuma a bayan kujera inda ake ajiye kaya, tare da kwandunan abinci. Ashe bayan ya bar ƙofar gidana yake tsayawa a layuka biyu ya ƙara. Da rana na tare shi. Ya ce, "Hajiya, ai yara ne, ba su da nauyi." Na ce ba nauyinsu nake ji ba, ni na san abin da ake kawo mana asibiti idan sahu ya kife. Muka daidaita a kan shida, ba kowa a wurin kaya, na ƙara masa 5,000 a kai. Shidan ma sun yi yawa, na sani. Iyakar abin da aljihuna ya iya saya ke nan. Tun daga ranar nakan sa babbar ta gaya mini idan aka wuce shida, sau biyu kawai aka yi, duka ranar da babur ɗin abokinsa ya lalace.

Da Auta ya shiga sai abin ya zama wani iri. Sahu ba shi da ƙofa, ba shi da bel, shi kuma yaro ɗan shekara uku bai san akwai abin da ake kira faɗuwa ba. Ya ga akuya sai ya miƙa hannu, ya ga tirela sai ya leƙa. Na roƙi Malam ya sa ƙarfe a ɓangaren hagu, wanda yake kallon tsakiyar titi, na biya mai walda. Ya sa, ya kuma gyara labulen tamfol ɗin. Da hunturu yakan sauke labulen duka biyu, amma duk da haka yaron yana dawowa gira fari fat, hanci yana zuba. Takalmi kuwa, ƙafa uku muka yi asara a zango ɗaya, duk a hanya ya cire ya wurga. Yanzu mai maɗauri nake saya masa.

A nan dole in yaba wa Malam. Sawun sha biyu shi kaɗai yake yi da ƙananan, su uku, kuma ba ya ɗaukar fasinja a wannan sawun. Yana tafiya a hankali har masu mota suna yi masa hon. Auta kusan kullum a hanya yake yin barci, sai ya saɓo shi a kafaɗa, jaka a hannu ɗaya, ya yi sallama ya miƙa wa kakarsu, wadda take zaune da mu. Yaron ya taɓa yi masa amai a kujera, ya taɓa yin wanda ya fi amai. Ban ji daga bakinsa ba, sai da na ga wandon a ƙulle cikin leda na tambaya. Akwai tsumma da jarkar ruwa da yake ajiyewa a ƙarƙashin kujerarsa saboda irin haka. Ba na cikin yarjejeniya, kuma ba kowane namiji ne zai yi ba.

Amma a kan Autan ne ya yi mini laifin da na kusa sallamarsa. Wata Laraba tayarsa ta fashe, yana wurin mai faci sha biyu ta yi, sai ya tura ƙaninsa da wani babur ya ɗauko yaran, bai kira ni ba. Malamar ajin ta ce ba ta san wannan fuskar ba, ta hana. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ni ina tsaka da aiki aka kira ni wai wani ya zo ɗaukar ɗana. Ban san lokacin da na fito titi da takalmin aiki ba. Da yamma ya zo da kansa ba da haƙuri, yana cewa uwa ɗaya uba ɗaya suke da yaron. Na ce, "Malam, gidanku aka je aka ga mahaifiyarka saboda kai, ba a je saboda ƙaninka ba." Muka kafa doka: idan ba zai iya zuwa ba ya kira ni ko babansu, ko da filashin ne, mu za mu san yadda za mu yi. Bai sake ba. Na lura dai wannan ɗabi'ar ta tura wani ruwan dare ce a wurinsu, ba sa ɗaukarta komai, don haka a faɗa tun ranar farko.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni wahala, kuma ba laifin Malam ba ne. Tsarin da ya dace da ɗan shekara uku ba ya yi wa 'yar shekara sha shida daɗi ko kaɗan.

Babbar tana aji biyu na babbar sakandare. A lokacin da ƙawayenta suke saukowa daga sahu su kaɗai, hijabi a goge, jaka a kafaɗa, ita tana saukowa da yaro a cinya, kwandon abinci a hannu, wata rana da shatin kunu a gaban hijabi. Ita ce bel ɗin Auta, gaskiyar magana ke nan. Ita take zama a tsakiya ta rungume shi tun daga Rijiyar Zaki har Goron Dutse, kuma tun da aka fara aikin gada a Tal'udu tafiyar ta ƙara tsawo saboda zagaye. Da farko ba ta magana, sai kumbure-kumbure. Ran nan ina yi mata faɗa a kan wanke-wanke sai ta ce, "Umma, ke kina biyan Kawu, ni wa yake biyana?" Na ɗaga murya na ce ƙaninta ne, don ta riƙe shi ba wani abu ba ne, mu da muka yi goyon ƙannenmu muna talla. Amma da na kwanta maganar ta ƙi barina. Ni ma 'yar fari ce, na san yadda ake yi wa 'yar fari: a ɗora mata aiki a kira shi zumunci. Washegari na raba kwanakin, Litinin da Laraba na tsakiya ne zai riƙe shi, ko yana so ko ba ya so, kuma na ƙara mata kuɗin tara ba tare da na ce don me ba. Ta gane. Ba ta yi godiya ba, amma ta daina buga ƙofa.

Ta kuma nemi a bar ta ta riƙa dawowa ita kaɗai ranar da suke da lesin na yamma. Babansu ya ce a'a kai tsaye, yana maganar masu ƙwacen waya. Ni na fi karkata ga a bar ta. Shekara mai zuwa za ta zana WAEC da JAMB, in Allah ya sa ta samu jami'a ba Kawu ne zai riƙa kai ta aji ba. Yarinyar da ba ta taɓa yin cinikin kuɗin mota da bakinta ba, ba ta san a ina ake sauka a canza ba, wannan ma wani haɗari ne. Mu da muka yi 'yanmatanci kafin a hana acaɓa a 2013, har muka ga lokacin da aka fara kawo waɗannan baburan a zamanin Malam Ibrahim Shekarau don ɗaukar mata, babu lungun da ba mu sani ba a birnin nan. Ita kuwa in aka ajiye ta a Ƙofar Ruwa aka ce ta dawo gida, sai ta kira waya. Muka tsaya a kan rana ɗaya a sati, Alhamis, tare da wata ƙawarta ta layinmu, waya a can ƙasan jaka. Wannan illa ce ta tsarin da ba wanda ya gaya mini: yana sa yaro ya girma bai san garinsu ba.

Na tsakiya matsalarsa daban. Shekararsa sha uku, kuma a duniya ba abin da yake so kamar ya riƙe kan babur. Shi yake zama a gaba kusa da Malam ranakun da ba riƙon Auta yake ba. Auta ne ya tona asiri, da bakinsa mai tsami: "Yaya ya tuƙa vuum." Ashe in sun shigo layinmu, inda ba motoci, Malam yakan bar shi ya riƙe. Na yi faɗa sosai. Ya ce wai don ya ga yaron yana da sha'awa ne. Na ce sha'awar ta jira, da ƙaramin yaro a baya ba a koyon tuƙi. Wannan shi ne raunin Malam, yana da saurin biye wa yara, ba ya iya cewa a'a in an marairaice masa.

Sai dai shi ɗin ne kuma ya gano abin da ni ban gano ba. Yaron ya fara cewa a sauke shi a bakin layi wai zai sayi biro, ashe gidan gem yake shiga da kuɗin tara da yake tarawa, ya shigo gida bayan awa guda ya ce wa kakarsu an tsayar da su shara. Malam ya sauke shi sau biyu, a na uku ya ƙi, ya kawo shi har ƙofa, da dare kuma ya kira babansu. Bai gaya mini ba, ya ce maganar maza ce. Na ɗan ji haushin wannan, amma yadda baban ya bi da abin a hankali ya fi yadda da ni ce zan yi.

Daga nan yaran suka raɗa masa suna ɗan rahoto, hira ta mutu a cikin babur. Babbar ta ce ko dariya ta yi a waya sai ta ga yana kallonta ta madubi. Wannan ma bai yi mini ba. Ba na son yarana su riƙa jin an sa musu mai gadi, domin yaron da ya san ana leƙensa ƙwarewa yake yi a ɓoyo. Na samu Malam na ce abin da ya shafi lafiyarsu, ko sauka inda ba a ce ba, ko wani baƙo da ke bibiyarsu, wannan ya faɗa mana ko da tsakar dare ne. Hirarsu da ƙawaye, da gulmar malamai, da wa ya ce wa me, ya bar musu kayansu. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wallahi rabin abin da suke faɗa ma ba ganewa nake ba." Na kuma gaya wa yaran abin da na ce masa, a gabansa. An ɗauki kusan wata guda kafin su koma yi masa surutu.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da yawa. A shekara uku bai fi sau goma ya makara da safe ba, yawanci da damina, in ruwa ya cika layinmu sai ya tsaya a bakin titi mu fito da lema. Da azumi yana zuwa a kan lokaci amma ba a yi masa magana. Waƙa yake sawa da ƙarfi da farko, na ce ya rage, ya koma rediyo, yanzu na tsakiya ya fi ni sanin labarin siyasar Kano. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya buɗe asusu, tun daga nan ta waya nake tura masa, wanda ya kashe gardamar an biya ko ba a biya ba. Ba ya shan komai, wannan na sa ido a kai sosai, aikina ya koya mini gane idon mai shaye-shaye. Gudu kuwa, in shi kaɗai ne na sha ganinsa yana kutsawa tsakanin motoci kamar sauran 'yan uwansa, amma da yara ban taɓa kama shi ba.

Ga wadda yaranta duk ƙanana ne, ba babba a cikinsu da zai riƙe, ni ba zan ba ta shawarar sahu da safe ba, sai in za ta sa wani babba ya raka su. Ga wadda yaranta duk sun haura sha huɗu, kuɗin ya fi amfanin, gara ta koya musu hanya. Irina mai haɗe-haɗe, babba da ƙarami a makaranta ɗaya, ita ce tsarin ya fi yi wa daidai, shi ma in an dace da mutum.

Mun sabunta da shi na wannan zangon. Jiya da yake karɓar Auta daga hannuna ya ce, "Hajiya, in Yaya ta gama baɗi, wa zai riƙe mana wannan?" Na kalli na tsakiya, yana can ya riga ya haye gaba yana taɓa madubi.